Sunaye Uku a Kan Maƙalar Wuta-wuta

A mujallarmu, wadda wata ƙungiyar masana harkar noma ke fitarwa daga nan Zariya, ni ne mai buɗe akwatin imel. Babban edita farfesa ne da ya kusa ritaya. Ni kuwa aikina karɓar maƙaloli, tura su ga masu tantancewa, bin su da waya har su dawo da rahoto, sannan in shirya abin da za a buga. A cikin wannan aikin ne wasiƙa ta shigo daga wani ɗalibin digiri na uku a wata jami'a da ke wata jiha. Maƙalarsa a kan wuta-wuta ce a gonar dawa, gwajin damina biyu. An tantance ta, ya yi gyare-gyaren da aka nema, mun riga mun aika masa takardar amincewa. Marubuta biyu ne, shi da malamin da ke duba aikinsa. Yanzu yana roƙon a ƙara sunaye uku, wai an manta da su ne garin gaggawa.

A manta da mutum ɗaya, wannan yakan faru. Amma a manta da mutum uku, kuma ba a tuna da su ba sai da aka ji maƙala ta shiga, shi ya sa na ɗauki wasiƙar na kai wa Farfesa hannu da hannu. Ya karanta, ya zare tabarau, ya ce, "Malam, kada ka ce masa to, kada kuma ka ce masa a'a. Je ka gano mini su wane ne mutanen nan, kuma da wa da wa suka saba rubutu."

Abin da ƙa'idar COPE ta tanada ke nan, wato kwamitin ɗa'ar wallafa da wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Ingila a 1997: idan aka nemi sauya marubuta kafin bugawa, a dakatar da maƙalar, a tambayi dalili, a nemi amincewar kowa a rubuce. Ma'aunin wanda ya cancanci a kira shi marubuci kuwa na kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ne, ICMJE, kuma mu ma shi muka ara. Sai mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko fassara su. Ya rubuta maƙalar ko ya yi mata bita mai ma'ana. Ya amince da kwafin ƙarshe. Ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan ingancin aikin duk ranar da ta taso. Sharaɗi na huɗun nan a 2013 aka ƙara shi. Biyan kuɗin bugawa ba ya ciki. Zama shugaban sashe ma ba ya ciki.

Na fara da tattara duk abin da kowane ɗayansu ya taɓa bugawa. Scopus, babban rumbun bayanan maƙaloli, na buƙatar rajistar kuɗi, don haka na fi dogara da OpenAlex, rumbun da aka buɗe kyauta a 2022, na haɗa da Google Scholar, na kuma leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, saboda yawancin ƙananan mujallun Afirka a can ake samunsu. Na zuba komai a jadawalin Excel: taken maƙala, shekara, mujalla, sunayen marubuta bisa jerinsu, da ma'aikatar kowa.

Nan ne aikin ya cije, kuma duk wanda zai yi irin wannan bincike a ƙasar Hausa gara ya san da haka tun da wuri. Manhajojin nan an gina su ne a kan zaton kowa na da sunan dangi guda da ba ya canjawa. Mu kuwa mutum ɗaya zai fito da Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, Muh'd a ta uku. Yau sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, gobe na kakansa, jibi sunan garinsu. Mace ta yi aure ta ɗauki sunan miji, rumbun ya raba ta gida biyu kamar mutane biyu ne. Wani lokacin akasin haka ne: harafi ɗaya da suna ɗaya, amma mutane huɗu ne a jami'o'i huɗu, kwamfuta ta dunƙule su wuri guda, sai ka ga bawan Allah ɗaya yana rubutu a kan hawan jini, da siminti, da nahawun Larabci. Wanda bai tace wannan ba zai tuhumi mai gaskiya da laifin takwaransa. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai alƙaluma 16, wadda aka fara bayarwa a 2012, don maganin wannan ruɗanin aka ƙirƙiro ta, sai dai mutanenmu da yawa sun buɗe ta sun bar ta wayam, wasu ma biyu gare su don sun manta kalmar sirrin ta farko. Haka na riƙa buɗe maƙalolin ɗaya bayan ɗaya, ina duba adireshin sashe da imel ɗin da ke ƙasan shafin farko. Mafi yawan lokacin da na kashe a kan wannan lamari, a nan ya tafi, galibi da dare a gida, ina tsere da batirin kwamfuta in an ɗauke wuta.

Zana taswirar da ke nuna wa ya yi rubutu da wa ba ta da wuya. VOSviewer manhaja ce ta kyauta daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Kowane marubuci ɗigo ne, idan mutum biyu suka yi maƙala tare sai zare ya haɗa su, zaren yana ƙara kauri gwargwadon yawan maƙalolin da suka haɗu a kai. Kafin in saka mutanen uku, sai na fara zana ta Farfesa, don in ga yadda taswirar wanda na san aikinsa take. Abin da ya fito curi-curi ne. Shi da abokan aikinsa biyu ko uku, zare mai kauri na shekaru. Gefe ga ɗalibai: kowanne ya shigo, ya yi maƙaloli da malaminsa da ɗaliban zamaninsa, bayan wasu shekaru ya fita ya kafa nasa curin a wata jami'a, amma siririn zare na nan tsakaninsu. Abokan rubutunsa su ma abokan rubutun juna ne. Ana iya auna wannan da lissafi mai sauƙi. Idan mutum yana da abokan rubutu 10, ana iya haɗa su bibbiyu ta hanyoyi 45. Sai a ƙirga nawa ne daga ciki suka taɓa rubutu tare. Amma akwai tarko: mutum biyar da suka fito a maƙala ɗaya dole zare ya haɗa su duka. Don haka abin da na riƙa ƙirgawa shi ne waɗanda suka sake haɗuwa a karo na biyu.

Suna na farko na wani malami ne a sashen injiniyan kwamfuta a wata ƙasa can waje. Taswirarsa tana buɗewa na ga bambanci. Shi ne a tsakiya, zarurruka sirara sun fita ko'ina, kowane rukuni ya tsaya shi kaɗai ba ya taɓa na kusa da shi. Kusan babu wanda ya yi rubutu da shi sau biyu. Wannan maƙalar a kan tace ruwan masana'anta ce da mutanen wata ƙasa, ta gaba a kan koyar da Turanci da mutanen wata, sai ta aikin jinya, sai ta ƙarfin kankare. Wani lokacin shi ne na uku, wani lokacin na biyar. Shekarunsa na farko maƙala ɗaya ko biyu yake fitarwa, duk a fanninsa, da mutanen sashensu. Kwatsam sai abin ya ɓarke. Yanzu kuma ga shi zai shigo gonar dawa.

Wannan siffa sananniya ce ga masu bin diddigin kamfanonin ƙera maƙaloli, masu sayar da gurbin suna a jerin marubuta. Anna Abalkina, mai bincike a Berlin, ta bi tallace-tallacen wani kamfanin Rasha mai suna International Publisher, wanda ke jera taken maƙaloli a shafinsa da farashin kowane gurbi, na farko ya fi tsada, har ya kan kai dala 5,000. Ta gano maƙaloli fiye da 400 da aka buga waɗanda suka yi daidai da tallan, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a cikinsu shi ne marubuta daga ƙasashe da fannonin da babu abin da ya haɗa su. A 2024 Simon Porter da Leslie McIntosh suka buga bincike a mujallar Scientific Reports da ya mayar da wannan lura zuwa lissafi. Hujjarsu ita ce, wanda ya sayi gurbi ciniki ne ya haɗa shi da sauran, don haka da wuya su sake haɗuwa a wata maƙalar. Na ga hikimar abin: ana iya sa kwamfuta ta gyara rubutu ya yi sumul, ana iya ƙera hotuna da alƙaluma, amma ƙera tarihin shekaru na aiki tare da mutane ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Na duba sunansa a rumbun Retraction Watch, mai tattara maƙalolin da aka janye, wanda ya zama na kowa kyauta tun da ƙungiyar Crossref mai rajistar maƙaloli ta karɓe shi a 2023. An taɓa janye maƙalolin da yake ciki, kuma a fitowa ta musamman aka buga su, irin wadda ake ɗora wa editan wucin gadi. Ta wannan ƙofar ce aka yi wa kamfanin buga mujallu na Hindawi ambaliyar maƙalolin bogi, har ya janye maƙaloli fiye da 8,000 a 2023 kaɗai, shekarar da jimillar waɗanda aka janye a duniya ta haura 10,000. Daga baya Wiley, mai kamfanin, ta daina amfani da sunan ma gaba ɗaya.

Suna na biyu ya fi ba ni aiki, ya kuma fi damuna, don namu ne. Babban malami ne a tsangayar su ɗalibin, amma a sashen kiwon dabbobi. Taswirarsa kishiyar ta farko ce. Babu baƙo ko ɗaya. Mutum shida ne, kullum su ne, kowane zare mai kauri, kowa ya haɗu da kowa. Da a ce lissafin sake haɗuwa kaɗai na bi, da shi ne zai fi kowa tsarki, har ya fi Farfesa. Sai da na koma jadawalin na jera maƙalolin bisa kwanan wata na ga abin da ke gudana. Wannan ta abincin kaji ce, ta gaba ta kiwon kifi, sai ta farashin tumatir, sai ta zaizayar ƙasa. A kowace, wanda fannin yake nasa shi ne na farko, sauran biyar suna biye, kuma gurbin na biyu yana zagayawa a tsakaninsu bi da bi. Adashe ne sak: kowa ya zuba maƙala ɗaya, kowa ya kwashi shida.

Bambance wannan da ƙungiyar bincike ta gaskiya yana buƙatar ido. Ƙungiyar gaskiya tana da tambaya ɗaya da take bi shekara da shekaru, tana da manya da ƙanana, sababbin fuskoki na shigowa, tsofaffi na fita. Waɗannan kuwa duk tsara ne, matakinsu kusan ɗaya, batutuwan a warwatse, kuma maƙalolin kan fito a dunƙule a watannin da ke gab da lokacin miƙa takardun ƙarin girma. Ba na jin akwai malamin jami'a a ƙasar nan da bai taɓa jin "don Allah ka saka ni" ba. Ba a ɗaukarsa sata, ana kiransa taimakon juna, wani ma ya ce zumunci. Tushensa kuwa a fili yake: kwamitin ƙarin girma ƙirga yake yi, maƙala kaza maki kaza, marubucin farko ya fi samun kaso, kuɗin bincike babu, kuɗin bugawa kuma daga albashi. Na fahimci matsin. Amma ranar da aka ce alƙaluman maƙalar kifi ƙirƙirarru ne, mutum biyar cikin shida ba su da abin cewa, alhali sun ci maki da ita.

Suna na uku na wata mata ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajen ƙasa a jami'ar su ɗalibin. A ido, taswirarta ta ɗauko kamannin ta mutumin farko: ita a tsakiya, mutane da yawa kewaye, galibi sau ɗaya ko biyu ta haɗu da kowa, fannoni daban-daban. Sai dai da na buɗe maƙalolin, abu ɗaya ya ratsa su duka. Ko ta masara ce, ko ta ciyawar kiwo, ko ta dashen itatuwa, akwai teburin awon ƙasa a ciki, kuma duk mutanen a jami'a ɗaya suke, a hankali abin ya taru cikin shekaru masu yawa. Mai awon ƙasa, da mai lissafin ƙididdiga, da mai kula da na'ura mai tsada, dukkansu haka taswirarsu ke fita, don kowa wurinsu yake zuwa. Na koma kwafin farko na maƙalar wuta-wuta, sai ga sunanta a sashen godiya.

Yawan marubuta shi kaɗai ma ba hujja ba ne. A 2015 an buga maƙalar kimiyyar fiziks daga cibiyar bincike ta CERN da ke Turai mai marubuta 5,154, kuma ba wanda ya ce magudi ne, haka tsarin fannin yake. Taswira tana nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ne, ba ta faɗa maka abin da ke cikin ɗakin.

Saboda haka na rubuta wa mutum biyar ɗin kowa daban, ba ta hannun ɗalibin ba, kuma ta adireshin da na samo da kaina daga shafin ma'aikatar kowa. Dalilin wannan tsantsan shi ne akan saka sunan mutum bai sani ba. Yoshitaka Fujii, likitan sa barci na Japan wanda ƙungiyar likitocin fanninsa ta tabbatar a 2012 cewa ya ƙirƙiri bayanai a maƙaloli 172, ya riƙa saka sunayen wasu ba da saninsu ba, har da sa hannun jabu. Tambayoyin da na yi gajeru ne: wane ɓangare na aikin ka yi, yaushe, kuma me za ka iya turo mana da zai nuna haka.

Malamar ɗakin gwaje-gwaje ce ta fara amsawa. Ta turo hotunan shafukan littafin awonta, da kwanan wata, da lambobin samfurin ƙasa da suka yi daidai da teburi na biyu na maƙalar, har ta nuna mana wani wuri da aka rubuta ma'aunin sinadari ba daidai ba, wanda masu tantancewa biyu suka tsallake. Mutumin ƙasar waje ya aiko layi biyu, wai ya taimaka wajen nazarin bayanai da gyaran Turanci. Na nemi fayil ɗin nazarin, shiru. Malamin kiwon dabbobi bai rubuto ba, waya ya bugo wa Farfesa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ambaci mutanen da suka sani tare, ya ce ya ba yaron shawarwari.

Ɗalibin da kansa ya zo Zariya. Ya sauka a Kwangila ya kira ni, na yi masa kwatance. Yaro ne mai natsuwa, ya zauna a bakin kujera, fayil a cinya. Na juya masa kwamfutar na nuna masa taswirar mutumin farko ba tare da na ce komai ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa ganinsa ba," ya ce. A wani zauren WhatsApp na ɗaliban gaba da digiri ne wani ya yi talla cewa duk mai maƙalar da aka amince da ita ya yi magana, za a biya masa kuɗin bugawa a ƙara masa wani abu, in dai zai ba da gurbi ɗaya. Ya tura hoton takardar amincewarmu, aka turo masa suna da adireshi. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi son maƙalar da ta riga ta tsallake tantancewa: mai saye ba ya cikin kasada.

"Shi kuma malamin kiwon dabbobin fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, yana cikin waɗanda za su zauna ranar kare kundina. Da ya ji maƙalar ta shiga sai ya ce kada in manta da shi. Ya zan yi?"

Malamar kuwa, ya ce tun farko ya so saka ta, aka ce masa ba a saka ma'aikatan ɗakin gwaji. Da ya ga zai ƙara waɗancan biyun sai abin ya tsaya masa a rai, ya haɗa da ita.

Hukuncin biyu daga ciki bai ɗauki lokaci ba. Ƙa'idar ICMJE ta ce duk wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran, don haka muka tura wa malamar cikakken kwafi, ta yi bita, ta sa hannu, ta shiga. Mutumin waje muka ƙi, Farfesa ya rubuta wa jami'arsa da abin da muka gani, ya kuma yafe wa ɗalibin rabin kuɗin bugawa bayan ya yi masa faɗan da ya kamata a gaban malaminsa ta waya. Takardar miƙa maƙala ma mun sauya ta. Yanzu kowane marubuci sai ya ba da ORCID, ya zaɓi aikin da ya yi daga cikin ayyuka 14 na tsarin CRediT, mai fayyace gudummawar kowane marubuci, ya sa hannu da kansa, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a ƙara suna bayan amincewa sai da hujja. Ba kowace maƙala nake zana wa taswira ba, ba ni da wannan lokacin. Ina yi ne idan aka nemi sauya marubuta, ko na ga sashen mutum ba shi da alaƙa da batun, ko ƙasashen da aka jera ba su dace da gwajin da aka yi a gona ɗaya ba.

A kan malamin kiwon dabbobi ne muka saɓa da Farfesa. Sunansa dai bai shiga ba. Mun rubuta wa ɗalibin wasiƙa mai kaushi da gangan, mai nuna cewa mujalla ce ta ƙi bisa ƙa'idarta, don ya samu abin nunawa. Ni na so a tura wa jami'arsu jadawalin mutum shidan nan, tunda COPE ta ce edita ba alƙali ba ne, ma'aikatar mutum ce ke da hurumin bincikensa. Farfesa ya ce babu ko ɗaya daga maƙalolin mutum shidan da aka buga a mujallarmu, jadawali kuma zato ne mai ƙarfi, ba shaida ba, sannan kowa a tsangayar zai san ta inda maganar ta fito, yaron kuma bai kare kundinsa ba tukuna. Na ce to a jira ya kare sannan a tura. Ya ce in ya kare mu sake zama.